Fashin baƙi: Haɗa gem da akwatuna ko rubuta kod, da wanne ɗan koyo zai fara?

Wai shin dole ne sai mutum ya iya rubuta kod kafin ya haɗa gem ɗinsa na farko, wato wasan kwamfuta ko na waya, ko kuwa akwatunan nan da ake ja a sikirin ana haɗa su da zare sun isa? Tambayar ta daɗe tana yawo tsakanin matasanmu masu sha'awar harkar, kuma duk lokacin da wani bidiyo ya ɓullo a YouTube ko TikTok yana cewa za ka iya haɗa gem ba tare da kod ba sai gardamar ta dawo sabuwa fil. Wasu su ce ai akwatuna wasan yara ne, wanda bai rubuta yaren kod irin C++ ba bai ma fara komai ba, wasu kuma su ce zamanin wahalar rubutu ya wuce, ja kawai ka ajiye. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke tsakiya, wanda ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi laftof ta hannu, yana jin wannan yana jin wancan har wata uku su wuce bai buɗe komai ba saboda tsoron kar ya fara da abin da ba shi ba.

Me ake nufi da kowanne?

Kod na rubutu dai an san shi, ka zauna da kibod ka rubuta wa kwamfuta umarni layi bayan layi a wani yare da injin gem ɗin ke ganewa, wato manhajar da ake haɗa gem a cikinta. Unity na amfani da C#, Unreal na amfani da C++, Godot na da nata yaren mai suna GDScript wanda ya yi kama da yaren Python sosai, Roblox kuma Luau. A Godot in kana son ɗan wasanka ya mutu idan ransa ya ƙare, abin da za ka rubuta bai wuce haka ba:

if rai <= 0:
    mutu()

Ka lura kalma ɗaya ce kawai ta Turanci a ciki, sauran sunayen kai ka raɗa su, da Hausa ma in ka ga dama.

Ɗaya hanyar kuma, wadda zan riƙa kira kod na zane, ita ce maimakon ka rubuta sai ka jawo akwatuna ka jera, kowane akwati da aikinsa, sannan ka ja zare daga bakin wannan zuwa bakin wancan don nuna wanda zai biyo bayan wani. Wancan umarnin na sama a Blueprint, wato tsarin akwatuna na Unreal, zai zama akwati mai ɗauko rai, akwati mai gwada shi da sifili, akwatin da ake kira Branch mai raba hanya biyu, sai akwatin mutuwa a ƙarshen hanyar da ta ce eh. Akwai kuma wani salon da ba zare a ciki, kamar na Scratch inda umarnin ke shiga cikin juna kamar bulo, ko na Construct da GDevelop inda ake jera sharaɗi a hagu, abin da zai faru a dama, idan kaza ya taɓa kaza to a yi kaza.

To a nan ne fa mutane da yawa ke ɓata hanya. Duka biyun abu ɗaya ake yi, wato tsara wa na'ura tunani. Wanda ya ja akwatin Branch sharaɗi ya kafa, daidai da wanda ya rubuta if. Maganar "ba kod" talla ce kawai, abin da babu shi ne buga haruffa, amma tunanin yana nan daram.

Daga ina akwatunan suka fito?

Ba jiya aka fara ba. Tun 1999 wani malamin jami'a a ƙasar Holan, Mark Overmars, ya fitar da manhajar da ta zama GameMaker, da tsarin ja-ka-ajiye don wanda bai iya rubutu ba. A 2007 cibiyar MIT Media Lab a Amurka ta saki Scratch don koya wa yara. Kamfanin Epic Games, mai injin Unreal, yana da wani tsarin akwatuna mai suna Kismet a Unreal Engine 3, sai a 2014 da Unreal Engine 4 ta fito aka maye gurbinsa da Blueprint, kuma daga nan ne maganar ta yi ƙarfi saboda mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya haɗa gem mai kyan hoto irin na manyan kamfanoni bai taɓa C++ ba, balle da aka mayar da injin kyauta a 2015. Unity ta makara, sai a 2020 ta sayi wata manhaja mai suna Bolt ta raba ta kyauta, daga baya ta cusa ta cikin injin nata.

Dalilin da ya sa manyan kamfanoni suka damu da akwatuna ba wai don tausayin ɗan koyo ba ne tun asali. A kamfanin gem akwai masu zane, akwai masu tsara matakai, akwai masu sauti, kuma ba zai yiwu duk sanda mai tsara mataki yake son ƙofa ta buɗe idan an taka wani dutse sai ya je ya yi layi gaban mai rubuta kod ba. Sai aka ba shi akwatuna ya yi da kansa. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Abin da akwati ke ɗauke maka, da wanda ba zai ɗauke ba

Duk wanda ya taɓa koyon C# ya san baƙin cikin makon farko. Ka manta waƙafi mai ɗigo guda ɗaya a ƙarshen layi, ko ka rubuta ƙaramin harafi inda ake son babba, ko baka ɗaya ta buɗe ba ta rufe ba, sai jan rubutu ya cika maka ƙasan sikirin da Turancin da ko ɗan jami'a sai ya yi tsaki, gem ɗin ya ƙi tashi gaba ɗaya. Mutane da yawa a nan suke ajiye abin su ce ba su da kan lissafi, alhali wallahi ba lissafi ne ya kayar da su ba, ƙa'idar rubutu ce. Akwati na kawar da wannan kusan duka. Ba za ka yi kuskuren harafi a sunan umarni ba tunda zaɓa kake yi daga jeri, kuma a Blueprint zarurrukan suna da launi, idan ka so haɗa lamba da inda ake son eh ko a'a ko dai ya ƙi haɗuwa ko ya sa maka akwatin juyawa a tsakani. Sannan in gem ɗin na gudana kana iya kallon zaren yana haske, ka ga da idonka inda umarni ya bi da inda ya tsaya. Ga wanda bai taɓa ganin yadda shiri ke gudana ba wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda da masu raina shi ba.

Amma fa akwati ba zai yi maka tunani ba. Sai ka fahimci ma'ajiya, wato wurin da ake ajiye adadi kamar rai ko maki ana canza shi, sai ka fahimci sharaɗi, sai ka fahimci maimaici inda ake sa na'ura ta yi abu ɗaya sau ɗari, sai ka san yadda ake tattara umarni a ba shi suna a riƙa kiransa, sai kuma ka iya zama ka bi diddigin abin da ya lalace har ka gano shi. Waɗannan su ne ainihin aikin, su ne ke cin watanni, kuma ko ta wace ƙofa ka shiga suna nan suna jiranka a tsakar gida.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, masu gudun kod saboda Turanci su sani akwatunan ma da Turanci aka yi musu suna. Event BeginPlay, For Each Loop, Cast To, duk sai ka san me suke nufi. Kalmomin da yaren kod ya keɓe wa kansa 'yan gomomi ne, a mako biyu ka haddace waɗanda kake buƙata.

Inda zare ke fara sarƙewa

Bari mu ɗauki abin da muka sani. A ce kana son haɗa dara a waya, gurbi 30, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku a layi ɗaya a tsaye ko a kwance ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Jan ɗa daga gurbi zuwa gurbi, ƙarar da zai yi in ya sauka, ƙyallin da zai fito in an ci, duk wannan akwatuna za su yi shi cikin daɗi. To amma zo kan duba jeri, dole bayan kowane motsi na'ura ta leƙa dama da hagu da sama da ƙasa ta ƙirga, ta tabbatar ba ta fita daga allon ba, ga kuma dokar da ake bi a wurare da yawa cewa jeri huɗu ba ya ci. A rubuce wannan layuka kaɗan ne, maimaici cikin maimaici, ka karanta daga sama zuwa ƙasa ka gane. A zane kuwa sai ka ga akwati talatin da zarurruka suna haye juna kamar wayoyin wuta a kan falwayar cikin kasuwa, kai da ka haɗa ma bayan sati biyu sai ka riƙa bin zare da yatsa. Balle in ka ce kwamfuta ce za ta kara da mutum, ta hango motsi uku ko huɗu a gaba, nan kam rubutu ya yi wa zane fintinkau. Su kansu Turawan taliya suke kiran irin wannan cakuɗewar.

Lissafi ma haka. Ƙarfin duka sau biyu, a cire sulke, a raba uku, layi ɗaya ne a rubuce, a zane akwati biyar ko shida.

Sai maganar sauri da ake yawan tsorata yara da ita. Gaskiya ne Blueprint bai kai C++ sauri ba domin ba kai tsaye na'ura ke karanta shi ba, akwai tafinta a tsakani. Gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa ne kacal ya gama duk lissafinsa kafin hoto na gaba, don haka in ka sa akwatuna su zagaya kan abubuwa dubbai a kowane hoto, za ka ji gem ɗin na tsattsayawa. Sai dai gem ɗin farko na ɗan koyo da wuya ya kai nan, abin da ke nauyaya shi yawanci hotuna ne masu girma da hasken da ba a daidaita ba. Kar wannan ya zama dalilinka.

Matsalar da ta fi wannan cizo ita ce aiki tare. Kod na rubutu rubutu ne zalla, in ku biyu kuka taɓa fayil ɗaya manhajar Git za ta nuna layin da kowa ya canza ta haɗe su. Fayil ɗin Blueprint ba rubutu ba ne, in ku biyu kuka gyara shi a lokaci ɗaya sau da yawa aikin ɗaya ne zai tsira, shi ya sa a kamfanoni ake kulle fayil in wani na kansa.

Me ya sa Godot ta watsar da nata?

Wannan labarin shi ne ya fi koya mini abu a duk maganar. Godot injin kyauta ne da wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara, aka buɗe shi ga kowa a 2014. A 2018 da Godot 3.0 suka sa nasu tsarin akwatuna mai suna VisualScript. A watan Agusta 2022 suka sanar cewa za su cire shi, kuma Godot 4.0 da ta fito a Maris 2023 babu shi. A ƙuri'ar jin ra'ayi da suka yi, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na masu amfani da injin suka ce shi ne babban yarensu.

Masu ƙin akwatuna sun ɗauki wannan suna ta yawo da shi a matsayin hujja, amma ba su karanta dalilin ba. Abin da masu Godot suka bayyana shi ne akwatunan nasu ba su zo da manyan abubuwa shiryayyu ba irin na Unreal ko GameMaker ko Construct, umarnin GDScript ne dai aka zuba a akwati ɗaya bayan ɗaya, ga shi darussa da misalan duk a rubuce suke, ga shi kuma GDScript ɗin da sauƙi har masu shigowa don akwatuna suka riƙa ganin ai gara su rubuta kawai. Wato akwati na da amfani ne idan kowane ɗaya yana ɗauke da babban aiki, kamar bi wannan ɗan wasan, ko kunna wannan motsin. In kuwa kowane akwati kalma ɗaya ce ta kod, to ka ƙara wa kanka wahala ne kawai. Kuma abin lura, Godot ba ta cire akwatunan haɗa launi da ƙyallin fatar abubuwa ba, suna nan, domin a wannan fannin ko gwanayen kod akwatuna suke so, haka a Unreal, haka a Unity, haka a manhajar zane ta Blender.

"Ba a yin gem na gaske da akwatuna"

Wannan maganar ba gaskiya ba ce, kuma ya kamata a daina faɗa wa yara ita. Hollow Knight da ƙaramin kamfanin Team Cherry na birnin Adelaide a Ostireliya ya fitar a 2017, wanda ya sayar da miliyoyi, an yi shi a Unity kuma an dogara sosai da PlayMaker, wani tsarin akwatuna, wajen tsara halayen abokan gaba da abubuwan da ke faruwa a ciki. Five Nights at Freddy's na farko a 2014, Scott Cawthon ya haɗa shi da Clickteam Fusion, manhajar jera sharaɗi da sakamako. Wanda ya sayi gem bai taɓa tambayar da me aka haɗa ba, daɗin bugawa yake nema.

Amma in za a yi adalci, shi ma Hollow Knight akwai C# a ƙarƙashinsa. Kuma Epic da kanta abin da take koyarwa shi ne a haɗa biyun, a gina ginshiƙi da C++ sannan a ɗora Blueprint a sama don abubuwan da ake yawan canzawa. Ka tuna mai tsara mataki da ƙofarsa? To haka abin yake har yau a manyan kamfanoni, gardamar wanne ya fi a wajen masu koyo ta fi zafi.

Ranar da injin ya juya maka baya

A watan Satumba 2023 Unity ta sanar da wani sabon caji da za ta riƙa karɓa kan kowace saukewar gem idan ya wuce wani mataki na kuɗi da yawan masu saukewa. Duniyar masu haɗa gem ta ɗau zafi, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, kuma a Satumba 2024 aka soke cajin gaba ɗaya. A tsakanin nan mutane da yawa suka kwashe kayansu suka koma Godot. Wanda ya iya C# ya tafi da abinsa, domin Godot ma tana karɓar C#, kuma ko ya bar harkar gem ɗin kwata-kwata yaren na nan yana aiki a manhajojin banki da na ofis da shafukan intanet. Wanda akwatunan Unity kaɗai ya sani ya tafi da tunanin, wanda ba kaɗan ba ne, amma zanen nasa ba ya buɗuwa a ko'ina sai inda aka yi shi. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a wajena a ɓangaren rubutu, musamman ga matashin da ke fatan wata rana abin ya zama hanyar cin abinci, domin a ƙasashenmu guraben aikin gem ba su da yawa amma guraben masu rubuta manhaja suna nan.

Zuwan su ChatGPT tun ƙarshen 2022 ya ƙara karkatar da sikelin. Kod rubutu ne, kana iya kwafe shi da jan saƙon kuskuren ka liƙa ka ce a yi maka bayani, da Hausa ma kana iya tambaya. Akwatuna kuwa sai dai ka ɗauki hoton sikirin, a ba ka amsa a rubuce, ka koma kana ja ɗaya bayan ɗaya. Wato katangar makon farkon nan ta rage tsawo. Sai dai akwai rami a nan, na ga masu liƙa kod ɗin da ba su gane ko layi ɗaya ba, gem ɗin ya yi aiki yau, gobe a ce su ƙara tsalle biyu su rasa ta inda za su kama. Wanda ya ja akwatunansa da hannunsa yana gane kowane zare ya fi wannan nisa nesa ba kusa ba.

Ga mai ƙaramar laftof da data ta awo

Yawancin darussan da ke yabon Blueprint mutanen da ke da kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa ne suka yi su. Unreal Engine 5 gigabait gomomi take ci kafin ma ka fara, tana son katin hoto mai kyau, a laftof mai ram gigabait 4 ko 8 ba tare da katin ba za ka sha zaman jira, batirin kuma ya zube kafin a dawo da wuta. Don haka sau da yawa ba kai ke zaɓa tsakanin zane da rubutu ba, na'urarka ce ta riga ta zaɓa maka. Godot fayil ɗaya ne da bai kai ko kusa da gigabait ba, ba ya buƙatar rajista, yana aiki babu intanet, har a wayar Android ana buɗe shi. GDevelop ma na tafiya a burauza da waya. Construct 3 a burauza yake amma cikakkensa na biya ne.

Ni in ƙanina ya tambaye ni ga abin da zan ce masa. In bai taɓa tsara wa na'ura komai ba, ya ɗauki GDevelop ko Scratch na sati uku zuwa huɗu, ya haɗa ƙaramin abu har ƙarshe, a ce ɗan adaidaita sahu yana kauce wa ramuka yana ɗaukar fasinja, da maki da faɗuwa da sake farawa, ya ba abokansa su buga. Daga nan ya buɗe Godot ya sake haɗa wannan gem ɗin dai da GDScript, ba wani sabo ba, domin tunda ya riga ya san tunanin abin da ya rage masa rubutun ne kawai, zai ga kowane sharaɗi da ya jera jiya ya koma layi biyu. GameMaker ma na da maɓallin da ke juya akwatunanka su koma rubutun yarenta GML ka karanta, kuma tun ƙarshen 2023 kyauta ne in ba sayarwa za ka yi ba.

In kuwa shi mai zane ne, hoto da labari da motsi ne suka kawo shi, kuma yana da kwamfutar da za ta ɗauki Unreal, to ya zauna kan Blueprint hankalinsa kwance, ya koyi tsaftace zanensa, ya riƙa tattara akwatuna yana ba su suna, ya guji rataya komai a kan Event Tick mai gudana a kowane hoto. Ranar da ya zo kan irin lissafin darar nan sai ya nemi abokin da ya iya C++ ya rubuta masa wannan ɓangaren ya miƙo masa shi a matsayin akwati ɗaya.